Kwaɗon Zogalen Mama da Macijin Cikin Alade

Duk wanda ya tambaye ni aikin da Mama take yi a jami'a, amsa ɗaya aka koya mini: "Tana binciken maganin tsutsar ciki." Daga nan sai in tsuke bakina. Ba ƙarya a ciki, kamar yadda ba ƙarya idan ka ce kura tana sha'awar harkar awaki. Abin da ba a faɗa shi ne cikin wa. To, cikin alade ne.

Mu biyu ne a Manchester, ni da Mama, a wani flat da in ka yi atishawa a kicin sai labulen falo ya motsa. Baba yana Kano wurin aikinsa. Ta waya muke ganinsa, galibi goshinsa da silin ɗin ɗakinsa, don har yau bai iya riƙe waya daidai fuskarsa ba. Mama ta samu tallafin karatu ta zo yin digirin dakta, ni kuma na biyo ta cikin kaya. Ni ce 'yar fari, saboda haka ba ta kiran sunana. "Ke" ce ni. In ranta ya ɓaci kuma, "ke yarinyar nan".

Kowace safiya takan hau bas a Oxford Road, inda motocin ke bin juna kamar jerin gwano, ta sauka a ginin da lab ɗinsu, wato ɗakin bincike, yake. Aikinta shi ne ta ɗauki irin tsirran da mutanenmu ke ba yara idan ciki ya kumbura, 'ya'yan gwanda, 'ya'yan kabewa, ganyen dogonyaro, ɓawon maɗaci, ta busar, ta niƙa, ta jiƙa, ta tace, sannan ta ɗiga ruwan a kan tsutsotsi cikin ƙananan faranta na gilashi, ta zauna tana jiran ta ga wa zai riga wani gajiya. Tsutsotsin daga wata mayanka ta bayan gari ake kawo su, cikin kwalba mai ruwan gishiri mai ɗumi. Mu a gida macijin ciki muke ce musu. Sau ɗaya ta nuna mini bidiyonsu a waya: farare, masu santsi, suna murɗawa kamar taliyar da aka hura wa rai. Ni na rantse guda ɗaya ta kai tsawon bas. Mama ta ce ba ta wuce rula ba. Ko ma dai wane ne mai gaskiya, na daɗe ban ci taliya ba.

Na taɓa tambayarta me ya sa duk dabbobin da Allah ya halitta sai alade. Ta ce a nan aka samu gurbin binciken, sannan macijin cikin alade da na mutum 'yan uwa ne na jini, har ko a na'urar duba ƙananan halittu da ƙyar ake raba su. "Na mutane kuwa ba a samun su a kwalba duk mako," in ji ta. "Ko ke za ki ba ni?" Na ce Allah ya kiyaye, ta bar ni da cikina.

Duk Asabar ta ƙarshen wata mukan hau babbar bas mu tafi Birmingham, gidan Hajiya a Sparkhill. Hajiya Bahaushiyar Kumasi ce, ta zo ƙasar nan tun kafin a ƙirƙiro sanyi. Ba mu haɗa dangi da ita ba. Wata ƙawar Mama ce ta ba mu lambarta da za mu taho, ta ce in kun je ku neme ta, uwar kowa ce. A gidanta mata ke taruwa, na Kumasi da na Accra, na Kano da na Zariya da na Jos, a yi karatu kaɗan, a yi girki da yawa, a yi hira fiye da duka biyun. Kowa da abin da aka san ta da shi. Wata waina, wata wake da shinkafa irin ta Ghana mai yaji da ke sa mutum ya tuna zunubansa. Mama kuwa kwaɗon zogale.

Busasshen zogale Baba ke aiko mana, shi da ƙuli-ƙuli. A gida Mama ke dafa ganyen, amma sai mun isa kicin ɗin Hajiya take kwaɗawa, don ta ce kwaɗon da ya hau mota ya riga ya gaji. Kuma ba a kwaɗa shi da cokali. Hannu ake sawa, a murza garin ƙuli da albasa da tumatir da ɗan mai cikin ganyen har kowane ganye ya san an zo. Sai a juye a babban tire, a ajiye tsakiyar leda a ƙasa, mata su kewaye shi. Kafin ka ce bismillah ta biyu tiren ya koma madubi.

A Manchester, Turanci Mama ke yi duk mako, da wata ƙaramar murya kamar mai ba da haƙuri. A Sparkhill kuwa takan miƙe ƙafa a ƙasa, ɗankwali ya zame, ta yi dariya har in hango haƙorinta na can ƙarshe wanda aka cike. Wannan Asabar ɗin ita ke riƙe mata sauran kwanakin watan. Ko ni da ake cewa ba na lura da komai sai waya na san haka.

Wata rana cikin hira Mama ta ce 'ya'yan gwanda suna yi mata wuyar samu, ga gwanda da tsada a ƙasar nan, ita kuma da yawa take bukata. Hajiya ta ajiye ludayi.

"Maganin tsutsar yara ne za a rasa saboda gwanda? Muna raye?"

Daga ranar aka ƙaddamar da yaƙi. Shagunan Stratford Road suka rasa gane abin da ya samu matan nan. Gwanda da safe, gwanda bayan abinci, gwanda a jakar makarantar yara. Daga Sparkhill har Erdington, duk gidan da ka shiga za ka tarar da baƙaƙen 'ya'ya shimfiɗe a takarda bisa hita suna bushewa. Wata Anti ta ce mijinta ya yi mafarki gwanda tana bin sa da gudu har cikin masallaci. Duk wata mukan komo da ƙullin leda-leda, kowace da addu'arta. "Allah ya sa 'ya'yanmu na gida su amfana, Dakta." Mama ta ce amin, idonta a ƙasa.

A bas na ce mata, "Mama, you have to tell them."

"Ke, rufe mini baki. Zan faɗa. Lokaci nake jira."

Lokacin bai jira ta ba. Sashensu ya manna manyan fostoci na binciken ɗalibai a bango. Na Mama yana da hotonta ɗan ƙarami a kusurwa, da hijabinta ruwan toka. A tsakiya kuma wani ya ga ya dace a sa alade, ƙato, ja-ja, mai murmushi kamar ya ci zaɓe. Ɗan wata Anti da ke karatu a jami'ar su Mama ya gani, ya ji daɗi, ya ɗauki hoto ya tura wa uwarsa. Ita kuma ko tabarau ba ta sa ba, ta tura guruf ɗin matan na waya: "Ma sha Allah, ga Daktarmu!" Da farko furanni da addu'o'i suka yi ta shigowa. Sai suka ragu. Sai suka tsaya cak. Aka yi wani shiru wanda ko a maƙabarta sai an yi odarsa.

Na zaci ba za mu je taron watan ba. Amma Mama ta dafa zogalenta, ta ce in ɗauki jaka.

Ba wanda ya zage ta. Da ma an zage ta, da ta samu abin mayarwa. Girmamawa aka yi mata, irin wadda ke kashe mutum a tsaye. "Dakta, sannu da hanya. Dakta, ga kujera. Haba Dakta, ki huta, kicin ya cika." Mama ta ce ba ta gaji ba. Ta shiga, ta wanke hannu, ta kwaɗa zogalenta kamar kullum, ta kawo tiren da kanta ta ajiye a tsakiya. Aka kawo mata nata abincin daban, a farantin tangaran, da cokali naɗe cikin tishu kamar a otal.

Sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Hannuwa suna kewaye tiren nan kamar motoci a shataletale. Su je ga waina, su dawo ga shinkafa, ba mai shiga tsakiya.

"Ni likitana, GP, ya hana ni gyaɗa," in ji wata Anti, wadda a watan jiya na ga tana lashe tiren da yatsa.

"Ni olsata ce ta tashi," in ji wata, bakinta cike da yajin Ghana.

Hajiya ba ta ba da uzuri ba. Ba ta kuma ci ba. Ta dai yi ta gyara zaman kwanukan da ba su karkace ba.

Mama ta ci loma biyu da cokalinta, ta ce bari ta hau sama ta yi la'asar. Tana juya baya na sunkuci tiren na yi kicin da shi, na turo ƙofa. Tunanina ɗaya ne: kada ta sauko ta same shi yadda ta ajiye. Zubarwa ba ta cikin lissafi, don Baba ne ya aiko shi tun daga Kano, ga kuma kwandon sharar Hajiya a buɗe kowa na gani. Saboda haka na naɗe hannun riga na ce bismillah.

Jama'a, kwaɗon mata goma sha wani abu ne. Kwata na farko na ci da daɗi. Na biyu na ci da kishin uwa. Daga nan kuma ban san wanda ke ci ba, na dai ga hannu yana zuwa yana dawowa. Na ji zogale ya cika cikina, ya hau ƙirjina, yana neman hanyar kunne. Ina cikin wannan jihadi ƙofa ta buɗe. Hajiya ce.

Ta dube ni, ta dubi tiren, ta sake dubana.

"Ja'ira, za ki fashe."

"Yunwa nake ji, Hajiya," na ce, da ƙyar, don babu wurin da murya za ta bi.

Sai ta ɗebo ruwa a kofi ta ajiye kusa da ni, ta fita ta ja ƙofar.

Da Mama ta sauko ta tarar da tire wankakke a jingine. Ta dube shi, ta dube ni. Na yi mata murmushi, ashe haƙorana duk kore ne. Muka hau bas, muka bar Birmingham. Can sai ta ɗora tafinta a cikina da ya yi tauri kamar ganga, ta ce, "Ke yarinyar nan." Amma ba da muryar faɗa ba. Sauran hanyar tagar take kallo, hannuwanta a cinya, a buɗe, kamar an ba ta ajiyarsu.

Abin da zogalen ya yi mini a kwanakin da suka biyo baya ba zai shiga littafi ba. Ya isa in ce na san kowane tayil na banɗakinmu, na san wanda ya tsage, na san wanda aka manna a karkace.

Ba mu sake zuwa Sparkhill ba. Ƙarshen wata ya zo, Mama ta ce aiki ya yi yawa. Wani ya zo, ta ce kanta ke ciwo. Ba wanda ya cire ta daga guruf, ba kuma wanda ya tambayi ko lafiya. Ta koma sayen gwanda da kanta, mu biyu muke ci, har na fara tausaya wa mijin Antin nan mai mafarki. A lab wani ruwan ya sa tsutsotsin sun yi laushi, wani kuma kamar shayi aka ba su. Mama ta ce ko wanda ya yi aiki a faranti ba shi ke nan ya zama magani ba, tafiya ce mai nisa kafin a ce a ba dabba, balle yaro. Da a da ne, da ta kwashe labarin nan ta kai wa matan, su yi ta salati suna dariya. Yanzu ni kaɗai take ba, ni kuma iyakar gudummawata ita ce "wow".

Abin da ya fi damuna hannuwanta ne. Da ma mai yawan wanki ce, aikinta ya koya mata. Amma yanzu in ta dawo sai ta tsaya gaban famfo ta yi ta cuɗawa har in gama aikin makaranta. Fatar ta bushe, ta fara tsagewa a gaɓoɓi. Zogalen da Baba ya sake aikowa kuwa yana saman kabad, ko ƙullin ba a kwance ba.

Wata Asabar da rana aka danna ƙararrawa. Na leƙa, sai ga Hajiya a ƙofa, da mayafi mai ƙyalli da jaka mai girman akwatin amarya, tana haki saboda matakalarmu. Bikin suna ne ya kawo ta nan Manchester, ta ce wa wanda ya kawo ta ya sauke ta wurinmu tukuna.

Aka gaisa. Aka tambayi gajiya, da sanyi, da Alhaji, da mutanen Kano, da sanyi kuma. Mama ta miƙe za ta ɗora shayi. Hajiya ta ce ta bar shi, ta zuge jaka ta fito da fulas ɗinta da kofinta da burodinta. Baƙo ya zo gidanka da guzurinsa! Na ga wuyan Mama ya miƙe. Ta koma ta zauna a bakin kujera.

"Shiru ba mu gan ki ba," in ji Hajiya. "Ko mun yi laifi ne?"

"Aiki ne, Hajiya."

"Aikin alade."

Na shaƙe da yawun bakina. Ba wanda ya kula ni.

"Bari in gaya miki, ƙanwata. Ni ba aladen ne ya fi ci mini rai ba. Kin bar ni na tsaya gaban mata ina wa'azin gwanda. Na ce musu saboda 'ya'yan talakawa ne. Alhajina ya ci gwanda har fatarsa ta fara canja launi. Sai a waya zan gani, kamar bare? Me ya hana ki ja ni gefe?"

"Tsoro na ji."

"Tsoron me?"

"Abin da ya faru."

Hajiya ta ɗauki kofinta. Ta kurɓi shayinta. Can ta ce, "Nuna mini abin."

"Hajiya, kina shan shayi."

"Na haifi shida, na yi wa gawa wanka. Nuna mini."

Mama ta nemo bidiyon ta miƙa mata. Hajiya ta laluɓo tabarau, ta nisanta wayar, ta matso da ita. Ina jiran salati da tofar da yawu. Ba ta yi ba. Ta kalla har ya ƙare, ta ce in sake kunna mata.

"Wannan ce ta alade?"

"Ita ce."

"Ai na san ta." Ta cire tabarau. "Ina yarinya a zango, a makarantar allo, ana tsakiyar karatu na ji abu yana motsi a hancina. Na ja, na ja, ya ƙi ƙarewa. Irin wannan ce sak. Yara suka watse har da malam. Daga ranar, a gidanmu, yaran da muke ci kwano ɗaya suka ce ba da ni ba. Aka samo mini wata 'yar tasa mai lamba. An ɗura mini maɗaci har na ga taurari da rana, ciki ya warke, amma tasar nan ta daɗe tare da ni." Ta miƙa wa Mama wayar. "Ranar da na ga ja'irar nan a kicin tana neman kashe kanta da ganye, tasar na tuna. Ban yi barcin kirki ba tun ranar."

Ni dai na sunkuyar da kai irin na waɗanda tarihi ya ambata.

"Kina taɓa ta da hannu?" in ji Hajiya.

"Safar hannu biyu nake sawa, da ɗan hantsaki nake ɗauka."

"Aladen fa?"

"Ban taɓa ganinsa ba. Ke da kike wuce namansa a kanti kin fi ni kusa da shi. Kuma kafin in karɓi aikin sai da na tambayi malami a gida, ya ce..."

"Ban zo da malami ba," Hajiya ta katse ta. "Kaina ya yarda tun tuni. Zuciyata ce ke tashi, ita kuwa ba ta je makaranta ba." "Abu ɗaya nake roƙo. Ki wanke hannun nan a gabana yadda na taso na ga ana yi. Sau bakwai, ɗaya da ƙasa."

Mama ta miƙe tsaye. Ban taɓa jin ta ɗaga wa babba murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Hajiya, ni ba ƙwaryar da kare ya lasa ba ce."

"Na sani."

"Da hannun nan nake alwala. Da shi nake ciyar da yarinyar nan."

"Na sani, ƙanwata. Ba don hannunki ba ne. Don cikina ne. Tsohuwa ce ke roƙo, ba hukunci take yankewa ba. In kin ƙi, ba ki yi laifi ba, zan shanye shayina in tafi suna."

Na dubi Mama. Na san rabinta yana so ta buɗe wa Hajiya ƙofa ta ce a sauka lafiya, kuma da ta yi haka da ban ga laifinta ba. Ta dubi tsagaggun yatsunta, ta dubi fulas ɗin nan da ke kan teburinmu.

"Ke," ta ce, "samo ƙasa."

To, a nan aka zo wurin da na fi kowa ilmi. Na ce ƙasa ɗaya ce kusa, ta filin shaƙatawar da ke bayan layinmu, kuma duk karen da ke Manchester can yake zuwa ya sauke nauyinsa, safe da yamma, wasu ma daga wasu garuruwa suke zuwa musamman.

"A'uzu billahi!" in ji Hajiya. "Zauna!"

Ta sake nutsa hannu cikin jakar, ta yi ta tono, ta fito da wani ɗan gwangwanin alewa da ya tsufa. Ta buɗe a hankali. Jan yashi ne, mai laushi. Na taimama ne, tana yawo da shi saboda tafiya da ranakun da sanyi ke hana ta taɓa ruwa. Daga tsakar gidan mahaifinta ta ɗebo shi, zuwanta na ƙarshe.

Mama ta leƙa gwangwanin. Na ga fuskar 'yar uwa ta tafi, fuskar lab ta zo.

"Hajiya, wane tsakar gida? Wanda kika ba mu labari yanzu?"

"Shi."

"Ƙwan macijin nan a ƙasa yake zama. Yana shekaru bai mutu ba. Ta nan yara ke ɗauka."

Hajiya ta dubi gwangwaninta kamar ya yi mata ƙarya shekara da shekaru. "Yashin ubana?"

"Ban ce akwai ba. Amma ba zan shafa shi in kwaɗa abinci ba sai na soya shi."

"Ki soya me?"

Mama ba ta tsaya bayani ba. Ta ɗebi rabin yashin, ta ɗora kaskon da muke soya ƙwai, ta juye, ta kama juyawa da cokali, fuskarta a murtuke kamar mai haɗa maganin sarki. Hajiya ta biyo ta kicin, ni na biyo Hajiya, muka cika shi har ba wurin numfashi. Hajiya ta tsaya tana kallon daktar da gwamnati ta turo karatu tana suyar yashi. Sai kafaɗunta suka fara girgiza.

"A garinmu," in ji ta, "in an ɗora yashi a wuta, gyaɗa ake zubawa."

Mama ta yi ƙoƙarin riƙewa, ta kasa. Dariyar ta ƙwace mata har ta dafa bango. Rabona da jin wannan dariyar tun kafin fosta.

Da yashin ya huce aka yi wankin. Hajiya ke ƙirgawa, ni ke buɗe famfo. Da aka zo na ƙasa, Hajiya ba ta zuba mata daga nesa ba. Ta kama hannun Mama cikin nata, ta shafa yashin da kanta, a hankali, tana kauce wa inda fatar ta tsage. "Wannan wane irin wanki kike yi wa kanki haka?" ta ce ƙasa-ƙasa. Da aka cika bakwai Mama ta ce saura nata sharaɗin, ta ƙara na takwas da sabulu.

Ni aka sa na hau kujera na sauko da ƙullin zogale. Kafin ya dahu an yi la'asar, wayar Hajiya ta yi ta kuka daga gidan suna, ta ce musu tana hanya, alhali tana zaune tana yanka albasa. Mama ta kwaɗa. Muka shimfiɗa leda a falo, muka ture teburin da fulas ɗin ke kai.

Hajiya ta wanke hannu, ta yi bismillah, ta kai hannu ta tsaya. Na ga maƙogwaronta ya motsa. Ba wasa take ba, da gaske zuciyar ke tashi. Mama ta kau da kai don kada ta gani. Sai Hajiya ta dunƙula loma, ba ƙarama ba, ta kai baki. Ta tauna. Ta haɗiye. Ta zauna shiru tana sauraron cikinta, mu kuma muna sauraronta.

"Gishiri ya yi kaɗan," in ji ta.

"Ke, miƙo gishiri," in ji Mama, tana goge ido da bayan hannu, wai albasa ce.

Suka ci, suna gardamar ko ana sa daddawa a kwaɗo. Ni loma uku na yi don zumunci. Tsakanina da zogale sai a hankali.

Da Hajiya za ta tafi, sunan an riga an watse, ta tsaya a bakin matakala tana gyara mayafi.

"Ƙarshen wata. Ki zo da wuri."

"In sauran suka ƙi fa?"

"Wasu za su ƙi. Ba zan ɗura wa kowa ba, kowa da cikinsa. Ke dai ki zo."

Gaskiya ta faɗa. Mun je, Hajiya ta fara sa hannu, wasu suka bi ta a ranar, wasu sai bayan watanni. Akwai biyu da har yau GP bai ɗage musu dokar gyaɗa ba, kuma in Mama ta miƙa musu ruwa sukan ce sun sha. Yana yi mata ciwo, na sani, don a irin ranakun ba ta cika magana a bas ba. Amma da aka sake jawo mata kujera, ta ce a ba mai ciwon gwiwa. Ta ratsa tsakanin matan, ta ce wa Antin da ke kusa da tire ta matsa, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa.